Kafin ka kira gida a saya maka sabuwar laftof, karanta wannan

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da karatu ya kawo mu nan kudu. Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun yanzu. Wanda ke cikin lakca ya ajiye shi sai ya koma ɗaki. Amma in kana ajin ƙarshe, ko ka fara jin ƙamshin furojet daga nesa, daure ka karanta har ƙarshe, wataƙila ya tsare ka daga irin asarar da wani ƙanenmu ya yi a kan idona.

Wajen sha ɗayan dare ya buga mini ƙofa, laftof a hammata, ido jawur. Ɗan injiniyan lantarki ne, ajin ƙarshe, furojet ɗinsa a kan wutar sola. Akwai wata na'ura a lab ɗinsu da ta yi kwana 58 tana ɗaukar ma'auni duk daƙiƙa, ba dare ba rana. Na'urar tare da manhajarta ta zo, kuma manhajar tsohuwa ce tukuf, ta girmi wasu 'yan aji ɗaya. Duk sanda ya ba ta fayil ɗin bayanan, sai ta yi ta juyi na kusan minti uku, ta rubuta cewa wurin aiki ya ƙare mata, ta mutu.

Ya ce, "Yaya, na rasa yadda zan yi. An ce mini RAM ne, na je na saya. Da giga 4 ce, yanzu 12. Ko kaɗan abin bai canza ba."

Na ce da wane kuɗi? Sai ya sunkuyar da kai. Kuɗin abincinsa na wata ne da aka turo daga gida. Kuma ba gyara ya kawo shi wurina ba, so yake in taya shi tsara yadda zai faɗa wa Baba cewa sai an sayi sabuwar laftof. Dukanmu mun san abin da irin wannan kiran yake jawowa a gida. Ko a sayar da wani abu, ko a ci bashi, ko a ce ƙanwarsa ta ɗan dakata da nata kuɗin makarantar.

Na ce zauna tukuna, ƙanena. Muka buɗe Task Manager, muka sake ba manhajar fayil ɗin, muka zuba ido a kan lambar da ke nuna abin da take ci. Ta hau giga 1, ta wuce 1.5, ta matso kusa da 2, sai ta faɗi. A lokacin da ta faɗin, fiye da rabin RAM ɗin laftof ɗin yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Kuma a gefen sunan manhajar an rubuta 32 bit.

Ma'ana, ko da Baba ya sayar da gona an kawo masa laftof mai giga 32, a daidai wannan wurin za ta sake faɗuwa.

Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutun ke nan. Mun taso da tunanin cewa duk matsalar kwamfuta kuɗi ne maganinta, kuma tunda yawancinmu tokunbo muke riƙe da ita, da an samu matsala sai mu ɗora wa talaucinmu laifi. Ra'ayina shi ne: kafin ka kashe ko sisi, ka fara gano inda iyakar take, a jikin ƙarfen ne ko a cikin manhajar. Wanda ya iya wannan binciken ya fi mai sabuwar laftof da bai iya ba, a makaranta da bayan makaranta.

Bari in yi bayani yadda ɗan Hausa da ɗan shari'a ma za su gane, ba 'yan kwamfuta kaɗai ba.

Ka ɗauka an gina ɗakin jarrabawa mai kujera 1,000. Amma takardar da mai sa ido yake rubuta lambar kujera a kai gurbi biyu kacal gare ta, daga 00 zuwa 99. Mutum nawa zai iya zaunarwa? 100. Ka ƙaro kujera 5,000, 100 ɗin nan dai zai zaunar, don kujerar da ba zai iya rubuta lambarta ba, a wurinsa kamar babu ita ne.

To haka RAM yake. Shi ne wurin da manhaja take baje aikin da take yi a yanzu, saɓanin had-dis ko SSD, wanda shi rumbu ne na ajiya. Kowane bait a cikin RAM yana da lambarsa, kamar lambar kujera. Manhajar da aka rubuta a tsarin 32 bit gurbi 32 gare ta na rubuta wannan lambar, kowane gurbi 0 ko 1. In ka ninka 2 a kanta har sau 32 za ka samu 4,294,967,296, wato giga 4. Nan lissafinta ya tsaya. Sannan Windows bisa tsohuwar al'adarta takan raba wannan gida biyu, rabi nata, rabi na manhajar. Ka ga saura giga 2. Wani lokacin ma ba a kai biyun ake faɗuwa, saboda manhajar tana neman wuri ɗaya a jere. Kamar mutum 30 ne suka ce dole su zauna a layi ɗaya, akwai kujeru 50 a buɗe, amma a warwatse suke, ɗaya nan biyu can.

Muka yi lissafin fayil ɗin ƙanen namu a bayan takarda. Daƙiƙa 86,400 ce a rana, sau kwana 58, layi 5,011,200 ke nan. Kowane layi gurbi 40, kowace lamba tana cin bait 8. Wajen giga ɗaya da rabi ya tashi tun ba a fara komai ba. Da manhajar ta ce za ta yi kwafi don ta jera su ko ta zana jadawali, shi ke nan, ta kai bango.

Abin da ya ba ni sha'awa, wannan ba sabuwar matsala ba ce. Waɗanda suka riga mu sun sha ta fiye da mu, kuma dabarun da suka fito da su har yau suna aiki.

A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta PC, da ƙwaƙwalwar Intel 8088. Wayoyi 20 gare ta na lambar adireshi, wato iyakarta bait 1,048,576, mega 1 tak. A cikin wannan ma IBM ya ware kilobait 384 na sama don allo da sauran kayan ciki, ya bar wa manhajoji 640. A lokacin abin ya yi kama da fili fetal, tunda mafi arhar samfurin da kilobait 16 ta zo. Af, maganar nan da ake yawo da ita cewa Bill Gates ya ce 640 ta ishi kowa, shi ya musanta, kuma ba wanda ya kawo inda ya faɗa. Ku daina sa ta a asaimen.

Ba a jima ba filin ya cika. Manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ta fito a 1983, 'yan kasuwa da akantoci suka rungume ta, takardunsu suka yi ta girma har suka ci karo da 640. Kuma ba dama a ce kowa ya zubar da manhajojinsa a sake daga farko, an riga an zuba kuɗi da shekaru a cikinsu. Sai aka koma dabara.

Dabara ta farko, a yanka manhajar gunduwa-gunduwa. Ɓangaren da ake buƙata yanzu shi kaɗai za a ɗauko daga rumbu, in an gama a ɗora wani a kan wurinsa. Kamar ɗakinmu na hostel ne da tabarma ɗaya: da rana a ci abinci a kai, da yamma a yi karatu, da dare a kwanta.

Ta biyu, a 1985 aka fito da tsarin EMS, wanda Lotus da Intel da Microsoft suka haɗu a kansa. Aka buɗe 'yar taga mai kilobait 64 a wancan yanki na sama, aka raba ta gida huɗu, kowanne 16. Ƙarin RAM yana kan wani kati daban, manhajar ba ta iya ganinsa gaba ɗaya, amma tana iya cewa a kawo mata shafi kaza gaban taga, ta gama a janye a kawo wani. Da sigar 1987 har mega 32 ake iya leƙawa ta wannan 'yar tagar.

Ta uku ta fi ban dariya. Da ƙwaƙwalwar 80286 ta zo, aka lura cewa yadda ake haɗa lissafin adireshi yana bari a zarce mega 1 da bait 65,520, in an kunna waya ta 21 da ake kira A20. Abin da ya fara a matsayin tangarɗa sai aka mai da shi ɗaki. MS-DOS 5.0 ta 1991 ta kwashe wani ɓangare na kanta ta kai can, don ta rage wa manhajoji cunkoso a cikin 640.

Ta huɗu, da 80386 mai 32 bit ta samu, aka rubuta wasu ƙananan manhajoji da ke ɗaga shiri su tsallakar da shi zuwa sabon tsarin ƙwaƙwalwar alhali yana kan DOS. Wasan Doom na 1993 da irin wannan ya yi aiki, mai suna DOS/4GW, a kan kwamfuta mai mega 4. Hoto ɗaya na wayarka zai iya kai wannan nauyin.

A lokacin giga 4 ta 32 bit kamar teku ce. Yau ita ce ta hana ƙanenmu barci. Tarihin ma maimaita kansa ya yi: wanda ya taɓa sa Windows mai 32 bit a kan laftof mai giga 4 ya san uku da wani abu take nunawa, don katin allo da sauran kayan ciki sun cinye lambobin sama, daidai da yadda 384 ta cinye a 1981. Tsarin 64 bit da muke kai yanzu AMD ce ta kawo shi a 2003, amma manhajar da aka rubuta a 32 tana nan a 32 ko a kan wace kwamfuta ka ɗora ta.

To me za ka yi in abin ya same ka? Ga yadda nake bi, daga na kyauta zuwa na kuɗi.

1. Ka kalla kafin ka yanke hukunci. Buɗe Task Manager, sa manhajar aiki, ka ga inda take faɗuwa. In RAM ɗin kwamfutar gaba ɗaya ya cika maƙil, komai ya yi nauyi, linzami yana ja da ƙyar, to ƙarfen ne. In kuwa manhajar ce kaɗai ta mutu a kusa da giga 2 alhali akwai sauran wuri, to iyakar a cikinta take. Wata alamar, in an girka ta a Program Files mai x86 a ƙarshen suna, galibi 32 bit ce.

2. Ka nemi sigarta ta 64 bit. Da yawa akwai, kawai wanda ya tura maka a filasha tsohuwar ce da shi. In kuma kamfanin ya daina sabunta ta, kamar ta ƙanenmu, sai ka wuce gaba.

3. Ka tambayi kanka, duk wannan kayan nake buƙata? Nan ne aka warware mana. A cikin gurbi 40, shida kacal furojet ɗinsa yake amfani da su. Muka rubuta ɗan shiri da Python, bai kai layi 20 ba, yana karanta layi ɗaya, ya ɗebi shidan, ya rubuta a sabon fayil, ya manta da shi, ya ɗauko na gaba. Bai taɓa riƙe fayil ɗin duka a lokaci guda ba. Tabarmar nan ce dai. Giga ɗaya da rabi ta koma kusan mega 240, tsohuwar manhajar ta buɗe shi ko tari ba ta yi ba. Da muka sake duba abin da sufabaiza ya rubuta masa, ashe matsakaicin kowace awa yake so. Kwana 58 sau 24, layi 1,392. Wayar hannu ma za ta buɗe wannan. Sai dai mun haɗa da mafi girma da mafi ƙanƙanta na kowace awa, don matsakaici yana ɓoye lokacin da wuta ta yi tsalle, kuma asalin fayil ɗin mun ajiye shi wuri biyu ba mu taɓa shi ba.

4. In dole sai ka yi aiki da duka, ka yanka. Mako-mako, ko wata-wata, ko jiha-jiha. Amma akwai tarko a nan da yake kama mutane da yawa. Kada ka ɗauki matsakaicin kowane yanki ka sake fitar da matsakaicinsu, sai in girmansu ɗaya. Kwana 58 mako 8 ne da kwana 2. In ka ba guntun kwana biyun nan nauyi ɗaya da cikakken mako, amsarka ta karkace. Ka ajiye jimla da adadi na kowane yanki, a ƙarshe ka haɗa jimlolin ka raba da adadin duka.

5. Akwai wata 'yar alama a kan fayil ɗin manhaja, bit ɗaya tak, da ke faɗa wa Windows cewa wannan shirin zai iya ɗaukar lambobin da suka haura giga 2. In an kunna ta, manhajar 32 bit a kan Windows mai 64 bit tana samun giga 4 cif. Mai son bincike ya nemi LARGEADDRESSAWARE, ana kunna ta da editbin da ke zuwa cikin Visual Studio. Microsoft da kanta ta yi wa Excel mai 32 bit haka a 2016. Amma ku ji ni da kyau: ba kowace manhaja ke jurewa ba. Wasu tsofaffin an rubuta su ne da zaton lambar ba za ta taɓa wuce giga 2 ba, in ta wuce sai su rikice, wani lokacin ba tare da sun faɗi ba, su ba ka amsar banza. Ka gwada a kan kwafi, ka gwada da bayanan da ka riga ka san amsarsu, kuma kada ka taɓa kwamfutar lab ba da izinin mai kula da ita ba. Mu ba mu ma kai ga wannan ba.

6. Sai a ƙarshe a zo maganar saye. Kuma ƙara girman fayil ɗin aro da Windows take yi a had-dis, wanda masu gyara suke yawan ba da shawara, yana taimakon kwamfutar da RAM ɗinta ya cika ne kawai. Ba ya ƙara wa takardar mai sa ido gurbi.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni tsoro a duk lamarin. Manhajar da ta faɗi ta yi maka adalci, ta sanar da kai. Mai hatsarin ita ce wadda ta kai iyakarta, ta yanke saura, ta ci gaba kamar ba komai.

Kafin ya zo wurina, ƙanen namu ya gwada buɗe fayil ɗin a Excel, kuma ya buɗu. Har ya fara murna. Excel na yanzu layi 1,048,576 yake ɗauka. Yakan fito da gargaɗi cewa bai ɗauki duka ba, amma wa ke karanta gargaɗi da ƙarfe biyun dare? Layi 1,048,576 a lissafin daƙiƙa kwana 12 ne da 'yan awanni. Da ya ci gaba a haka, zai tsaya gaban malamai ranar difens yana cewa kwana 58, alhali sakamakon kwana 12 ne a hannunsa.

Kada ku ce wannan kuskuren ɗalibi ne kawai. A Oktoban 2020, lokacin korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga lissafi a kan lokaci ba. Dalili, ana zuba sakamakon ne a tsohon tsarin fayil na Excel, XLS, wanda iyakarsa layi 65,536. Da ya cika, saura suka zube. Waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar ba a neme su da wuri ba. Ƙasa ce mai kuɗin sayen kowace irin kwamfuta, kuma ba rashin kwamfuta ne ya jawo ba. Darasin mai sauƙi ne: ƙirga layukanka kafin ka shigar, ƙirga bayan ka shigar. In ka ga 65,536 ko 1,048,576 cif a ƙasan takardarka, kada ka yi barci.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a ido: "Malam, kana yi wa talauci kwalliya ne kawai. A ba mu kayan aiki na zamani mana." Kuma yana da gaskiyarsa. Akwai aikin da giga 4 ba za ta yi ba ko ka fi kowa dabara. Mai zanen gini mai fuska uku, mai haɗa bidiyo, mai horar da manyan tsare-tsaren ƙirƙirarriyar basira, waɗannan RAM suke buƙata na gaske, in sun saya ba asara suka yi ba. Windows 11 ma giga 4 ce mafi ƙarancin abin da take nema, ka ga mai giga 4 a bakin ƙofa yake tsaye. Kuma haƙƙinmu ne mu nemi sassanmu su sabunta abin da za a iya sabuntawa. Ban ce a yi shiru ba.

Amma difens ɗinka ba zai jira a sabunta lab ba. Kuma wasu tsofaffin manhajojin ba sakaci ne ya bar su ba. Na'urar da aka saya da tsada tana aiki lafiya lau, manhajar da ke magana da ita kuwa guda ɗaya ce, kamfanin ya daina kula ta. A zubar da na'ura mai lafiya saboda manhaja? Ba a nan kaɗai ba, haka abin yake a asibitoci da masana'antu a duniya. Manyan bankuna da yawa har yau suna tafiya a kan shirye-shiryen COBOL, harshen da aka ƙirƙira tun 1959. Duk inda za ka je aiki bayan hidimar ƙasa, zai yi wuya ka tarar da komai sabo. Abin da za ka tarar shi ne tsohon abu da kowa ke tsoron taɓawa, kuma wanda ya iya lallaɓa shi ya ci gaba da aiki, shi ake nema in rana ta ɓaci. Da tsohuwar zuma ake magani.

In kana shakka, duba Voyager 1. Hukumar NASA ta harba kumbon a 1977, kuma duk ma'adanar kwamfutocinsa a haɗe kusan kilobait 70 ce. A Nuwamban 2023 ya fara aiko da saƙon da ba a gane komai a ciki. Bayan watanni ana bincike, injiniyoyi suka gano cewa wani ɗan guntu ɗaya na ma'adanar ne ya lalace, kuma akwai umarni masu muhimmanci a kansa. A lokacin kumbon yana nesa da mu fiye da kilomita biliyan 24, saƙo yana ɗaukar awa 22 da rabi kafin ya isa, wata 22 da rabi kafin amsa ta dawo. Ba kasuwar da za a je a sayo RAM. Kuma babu wuri ɗaya a sauran ma'adanar da zai ɗauki umarnin gaba ɗaya. Sai suka yanka shi gunduwa-gunduwa, suka cusa kowane yanki inda ya samu gurbi, suka gyara duk lambobin da ke nuna tsohon wurin. A Afrilun 2024 kumbon ya dawo yana magana. Dabarar da suka yi ita ce dai wadda muka yi a ɗaki da fitilar caji, sai dai nasu ya fi namu tsada in an yi kuskure.

Don haka ina da roƙo guda uku.

'Yan sashen kwamfuta da injiniya, mu daina amsa wa 'yan uwa da "RAM ne" daga nesa ba mu ga na'urar ba. Kalmar nan mai sauƙi a bakinka kuɗin abincin wani ce. Minti biyar na dubawa ya isa ka san gaskiya.

Waɗanda ba fanninsu ba ne, kada kunya ta hana ka tambaya kafin ka je kasuwa. Mai shago ba maƙiyinka ba ne, abin da ka ce ya ba ka shi zai ba ka, ba aikinsa ba ne ya binciki furojet ɗinka. Ɗauki hoton saƙon da manhajar ta rubuta lokacin da ta faɗi, ka rubuta girman fayil ɗinka, ka nuna wa wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

Sannan 'yan aji uku, kada ku jira sai saura mako biyu difens ku fara gwada manhajar da za ku yi aiki da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ku ƙirƙiri fayil na gwaji mai girman wanda kuke sa ran samu, ku ba ta ku ga ko za ta ɗauka. In za ta faɗi, gara ta faɗi yau. Ni a shirye nake, in mun samu mutum biyar ko shida da suka iya, mu ware yammacin Asabar ɗaya kafin lokacin furojet, kowa ya zo da laftof ɗinsa a duba masa kyauta.

Shi kuwa ƙanen namu, wajen ƙarfe uku na dare jadawalinsa na farko ya fito a allo. Ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba. Can ya ce, "Yaya, yanzu RAM ɗin da na saya fa?" Na ce yana nan, ba a banza ya tafi gaba ɗaya ba, ko ba komai Chrome zai sake. Watan nan dai a tukunyarmu ya ƙarasa shi, wake da garin kwaki ba su kashe kowa ba. Washegari ya kira gida kamar yadda ya yi niyya, ya gaida Baba, ya tambayi ruwan sama da lafiyar ƙannensa, ya kashe waya.

Wanda ya san ɗan ajin ƙarshe da ke shirin irin wancan kiran, ya tura masa wannan kafin ya danna lambar. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.